Ranar da Datti Ya Auna Doya

Duk wanda ya taɓa zama a gidan hayar nan mai shuɗiyar ƙofa a Durumi ya san Malam Datti, ko yana so ko ba ya so. Ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, a ofishin da ake karɓar wasiƙu a buga musu hatimi, amma in ka ji shi yana ba da labarin aikinsa a bakin famfo sai ka rantse minista ba ya kurɓar shayi sai ya nemi shawararsa. Bara masanin kiwon kifi ne, har ranar da tarwaɗun suka gaji da iliminsa suka juya ciki sama a bahon wankin matarsa. Bana kuwa sai tsautsayi ya haɗa shi da bidiyon wani mutum a waya, mai farke tsofaffin kayan lantarki yana haɗa sababbi. Bai kai ƙarshen bidiyon ba ya ajiye cokali, ya dubi matarsa Nazeefa.

"Daga yau a daina ce mini Malam a gidan nan."

"To me za a ce maka, Abban Hanif?"

"Injiniya."

Nazeefa ba ta ɗago daga ninkin kayan da take yi ba. "Allah ya sanya alheri. Yaushe aka yaye ku?"

"Ke komai sai kin mai da shi wasa. Saurara ki ji. Zan tattara matattun batura na kwamfuta da na waya, in ware masu sauran rai, in haɗa su a akwati guda. Ɗakin nan zai fara samun wuta ba ɗaukewa. Daga nan gidan duka. Daga nan Durumi. Ranar da labari ya kai sama, da kansu za su zo neman ƙofar nan, su yi layi."

"Su yi layi a bayan mataccen ƙwan lantarkin banɗakinmu, ya fi su daɗewa yana jiranka."

"Canja ƙwai aikin lebura ne. Ni abu ɗaya ya rage mini, multimita."

"Ita za ta ba da wutar?"

"Ita ce idon injiniya. Ki taɓa batir da ita, ta gaya miki ƙarfinsa. Ki taɓa waya, ta gaya miki ko ta tsinke a ciki. Ba ta ƙarya, ba ta son kai."

"Ashe za ku sha faɗa," in ji Nazeefa.

Ranar Juma'a daga masallaci Datti ya wuce kasuwa, layin masu kayan lantarki, ya tsaya a shagon wani mai suna Nicholas. Bai yi sallama irin ta masu saye ba, ya yi irin ta masu binciken haraji, hannu a baya, ido a kan kanta.

"Ina son multimita. Amma ka sani tun yanzu, da injiniya kake magana."

"Welcome, Oga Injiniya," in ji Nicholas. "Akwai na original, akwai na tsakiya, akwai na maneji. Wane kana so?"

Ya jera su. Ta farko ƙatuwa ce, sanye da rigar roba mai kauri, ga nauyi kamar bulo. Datti ya ɗauke ta yana gyaɗa kai irin na wanda ya gamu da tsohuwar abokiyar aiki. Da Nicholas ya faɗi kuɗinta sai ya mayar da ita kan kanta a hankali, da hannu biyu, ya ce launinta bai kwanta masa ba.

Ta biyu madaidaiciya ce. Nicholas ya ce wannan ba sai ka wahala da murɗe-murɗe ba, ka taɓa abu kawai ita za ta nemo ma'aunin da ya dace da kanta.

"Na'ura ta yi mini tunani?" Datti ya ja da baya. "To ni me na zo yi duniya?"

Ta uku ba ma a kan kanta take zaune ba. Daga kwandon da ke ƙasa Nicholas ya zaƙulo ta, cikin tociloli da cajojin waya, ya hure mata ƙura. Rawaya ce, ba nauyi, kamar kwalin sabulun da aka cire sabulun. Kuɗinta kuwa, jin sa kawai ya sa Datti ya ji ƙaunarta ta shiga zuciyarsa.

Sai dai injiniya ba ya saye don araha, sai don dalili. Don haka ya fara gwaji. Ya kai ta kunne ya girgiza, ya ji wani abu na ƙaras-ƙaras a ciki, ya ce alamar kayan aiki sun cika ke nan. Ya ƙirga ramukan da ake soka wayoyi, ya ga uku ne, daidai da na mai tsadar. Ya kama wayoyinta biyu, ja da baƙa, masu tsinin ƙarfe a baki, ya haɗa tsinin. Na'urar ta yi wata ƙara, ƙiiii, har mai shagon kusa ya leƙo.

"Ka ji murya?" in ji Datti. "Waccan mai tsadar ta yi haka?"

"Oga, wannan na batir ne da ƙanana-ƙanana abu. Idan za ka taɓa wutan gida, gara ka ɗauki na tsakiya."

Datti ya yi dariyar tausayi, ya dafa kafaɗarsa. "Nicholas, kai ɗan kasuwa ne. Abin da ke cikin wannan shi ne cikin waccan. Kamfani ɗaya ne, riga ce daban. Mu da ke cikin harkar mun sani."

Nicholas, wanda ya daɗe yana addu'ar Allah ya kawo mai ɗauke masa rawayar nan, ya ce, "Oga, you sabi." Ya miƙo ta da 'yar takardar bayani. Datti ya tura takardar da ɗan yatsa.

"Ajiye wa masu koyo."

Washegari Asabar gidan ya tashi da hayaniya. Madam Janet, mai ɗakin ƙarshe, za ta yi wa 'yarta Kindness bikin sallamar amarya da yamma a tsakar gida, gobe kuma bayan coci a ciyar da jama'a. Wutar da ta yi kwanaki ba a gan ta ba ta dawo da safe, har sai da Madam Janet ta taka rawa a bakin ƙofa. Ta cika firizarta da kajin liyafar gobe, ta cusa ƙanƙara da lemo a sama, ta ce ko sarki ne ya zo kada a buɗe.

A tsakiyar wannan hada-hadar Datti ya fito da teburin guga ya kafa a gindin tankin ruwa. Farar shaddarsa ta Juma'a ya sa, da baƙin tabarau, da safar hannun da Nazeefa ke wanke-wanke da ita. Ya ɗauko sabon batirin tocila ya taɓa masa tsinin wayoyi. Lamba ta fito a fuskar na'urar: ɗaya da rabi. Sai da ya lumshe ido don daɗi.

Abu ɗaya ya dame shi, lambar ƙarshe tana ɗan rawa. Ya duba ya ga wani maɓalli an rubuta HOLD a kansa. Turanci dai ba a fi shi ba, ma'anarsa riƙe. Wato na'ura ta riƙe kanta, ta daina rawar jiki gaban mutane. Ya danna. Lamba ta tsaya cak kamar soja a fareti.

Aikin maɓallin nan shi ne ya daskarar da lambar da ke fuska, ta yadda duk abin da aka taɓa daga baya ba za ta canja ba. Wannan bayanin yana cikin takardar da aka ajiye wa masu koyo.

"Jama'a!" Datti ya tafa hannu. "Binciken kayan lantarki kyauta, yau kaɗai!"

Wanda ya fara zuwa Baba Zacharias ne, tsohon direban gwamnati da ya yi ritaya, wanda ba shi da aiki yanzu sai zama a kan benci da rediyo da faɗin abin da ke ransa. Rediyon ya yi shiru tun jiya.

"Injiniya, an ce an ƙara maka girma. Duba mini batirin nan, ina jin ya ƙare."

Datti ya taɓa. Ɗaya da rabi.

"Batirinka garau yake, Baba. Cutar tana cikin rediyon."

"Batirin da na saya tun Kirsimeti?"

"Na'ura ba ta san Kirsimeti ba. Kawo."

Kafin tsohon ya yi magana, sukundireba ta shiga. Bayan rediyo ya buɗe, wani siririn sifirin ya yi tsalle ya faɗa magudanar ruwa, zaren da ke jan allurar tasha ya warware kamar taliya. Datti ya leƙa ciki ya daɗe yana cewa "hmm", sannan ya tattara komai ya zuba a ledar burodi ya ƙulle.

"Aikin babba ne. Sai na yi nazari."

Baba Zacharias ya karɓi ledar ya ɗaga ta sama yana kallo. "Na kawo mara lafiya da ƙafarsa, an ba ni shi a likkafani. Sannu da aiki, Injiniya."

A bakin ƙofa Friday, direban tasi mai ɗakin kusa da na Datti, yana goge motarsa. Shi Madam Janet ta roƙa ya je Yangoji ya ɗauko yayyenta da kawunta, dattawan da ba a fara biki sai sun zauna. Datti ya iso da na'ura a hannu kamar likita mai zagayen gadaje.

"Buɗe gaban motar nan. Ba na son a ce maƙwabcina ya kwana a hanya ina da ilimin hana shi."

"Oga, mota na lafiya lau. Yanzu na kashe shi."

"Haka duk masu mutuwar fuju'a suke cewa. Buɗe."

Friday ya buɗe. Datti ya ɗora ja a nan, baƙa a can, ya duba, ya cire tabarau, ya sake dubawa.

"Innalillahi. Friday, batirin mota nawa ya kamata ya nuna?"

"Sha biyu, ko?"

"Karanta da idonka."

Friday ya sunkuya. "Ɗaya da rabi."

"Da ikon Allah kaɗai motar nan take tafiya. Ka kama hanyar Yangoji da wannan, a tsakiyar daji za ta mutu, da tsofaffi a ciki, da lesi a jikinsu. Me za ka gaya wa Maman Kindness?"

Jin sunan Maman Kindness ya sa gumi ya keto wa Friday. Nan take ya kwance batirin, ya ɗora a kai, ya fita neman mai caji. Datti ya bi shi da kallo, zuciyarsa fal da daɗin ceton rai.

Yanzu ya ji hannunsa ya faɗa. Ya nufi ɗakin Madam Janet, inda mata 'yan zumuntar cocinsu suka cika baranda suna yankan albasa da kabeji.

"Maman Kindness, ina son in duba wutar da ke shiga firizarki."

"Oga Datti, don Allah ba yau ba. Firiza na yana aiki. Ba ka ji ƙaran shi?"

"Ƙarar nan ita ta kawo ni. Nishi take yi."

Ya zare filogin, ya soka tsinin wayoyinsa a soket, ya juya mata fuskar na'urar.

"Wutar gida ɗari biyu da wani abu ce. Ke nawa kika gani?"

Madam Janet ta goge hannu a zani, ta matso. "Ɗaya... da rabi? Yesu! Low current?"

"Wannan ya wuce low, ya kai rami."

Tsohuwar firjinta irin wannan wutar ce ta ƙone ta, har yau in ta tuna sai ta yi tsaki. Duk da haka ta ɗaga kai ta nuna ƙwan da ke sama yana haske tar. "To wannan fa? Ga shi yana haske kamar rana."

"Ƙwai munafuki ne, Maman Kindness. Ko da ɗigon wuta sai ya yi haske don a yabe shi. Firiza ita ba ta iya riya ba, ƙonewa za ta yi. Kada a mayar da filogin nan sai na ba da izini."

Aka bar firiza a kashe, da kajin gobe a cikinta, da rana tana ƙara zafi a kan kwano.

Duk wannan Baba Zacharias na kan bencinsa da ledarsa a cinya, yana kallo. Da Datti ya dawo teburinsa yana hura hanci, sai tsohon ya taso a hankali, ya bi ta wurin masu girki ya ɗauko wata ƙatuwar doya, ya dire ta a kan teburin guga.

"Injiniya, taimaka ka auna mini wannan."

Mata suka dakata da yanka. Nazeefa ta fito bakin ƙofa ta harɗe hannu.

"Baba, wannan kayan kimiyya ne, ba na wasa ba."

"Ai kyauta ka ce, yau kaɗai. Ko na'urar tana tsoron doya?"

Ba yadda zai yi. Ya soka ja a kai, baƙa a gindi. Baba Zacharias ya leƙa, ya juya ga jama'a ya sanar da murya irin ta mai karanta labarai: "Ɗaya da rabi!"

Dariya ta ɓarke. Kafin Datti ya yi tunani, bakinsa ya riga shi.

"To mene ne abin dariya? Jahilci dai ba daɗi. Doya tana da lantarki! Me kuke tsammani yake ba mutum ƙarfi in ya ci sakwara? Wannan ma doyar kirki ce, ta sabon gona."

"To a sa ta a rediyona mana," in ji tsohon. "Tunda ƙarfinsu ɗaya da batir."

"A sa ta a motar Friday," wata mata ta ce daga baranda.

Baba Zacharias ya ɗauko takalmin roba. Ɗaya da rabi. Ya ɗauko ludayi. Ɗaya da rabi. Daga ƙarshe ya kama wayoyin da kansa ya ɗora su a kan kunnuwan Datti, ja a dama, baƙa a hagu, ya duba.

"Jama'a, ku shaida. Injiniya da doya, maki ɗaya suka ci."

Nazeefa ta ce, "Baba, ka yi adalci. Doya ana cin ta."

Tsohon ya yi dariya har ya bugi teburin. Ƙafar teburin guga ta lanƙwashe, na'ura ta faɗi ƙasa, maɓallin nan ya fito da kansa. Da Datti ya ɗauke ta, ɗaya da rabi ta ɓace, sai sifiri jere.

"Ka gani ko? Ka rikita mata ƙwaƙwalwa!"

Ya kwashi kayansa ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Ya zauna bakin gado yana juya na'urar, yana jin dariyar mata ta taga. Ba zai yiwu a ce shi ne bai iya ba, don haka dole laifin na wani ne. Ya ƙura wa ramukan nan uku ido. Baƙar waya tana na ƙasa, ja tana na tsakiya, na sama kuwa ba a taɓa shi ba, ga 10A an rubuta a gefensa da manyan baƙaƙe. Nan take gaskiya ta bayyana masa. Tun safe da ramin yara yake aiki! Ramin manya yana nan yana jiransa. Ya zare jar waya ya soka ta a can, ya murɗa makunnin ya kai kan goma, ya yi murmushi.

Abin da bai sani ba, a irin wannan na'ura mai araha babu komai tsakanin ramin nan da na baƙar waya sai guntun ƙarfe. Soka su a soket daidai yake da haɗa wayoyin wuta biyu baki da baki.

Da la'asar tsakar gida ta cika. An kafa rumfa, an jera kujeru, mai kiɗa ya jona kayansa, amarya Kindness ta fito cikin ado ta zauna. Kujerun gaba ne kawai babu kowa, don dattawan Yangoji ba su iso ba. Madam Janet tana ta kiran waya tana zagaye.

Sai ga Friday ya shigo, batir a kai, riga jiƙe da gumi. Duk shagon cajin da ya je a rufe. Don haushi ya mayar da batirin cikin mota, ya murɗa makulli. Mota ta tashi a bugu ɗaya, tana gurnani kamar sabuwa.

Kafin kowa ya ce uffan, wata akori-kura ta tsaya a ƙofar gida, shaƙe da doya da awaki biyu. Daga samanta aka fara sauko da dattawan Yangoji ɗaya bayan ɗaya, lesinsu ya yi ja da ƙasa, kawun Madam Janet yana riƙe da hularsa da wata akuya ta tauna gefenta. Sun gaji da jira a bakin titi, suka hau abin da suka samu.

Idanu duka suka koma kan Datti, wanda ya fito daidai lokacin.

"Oga!" Friday ya yi ihu. "Ka ce batir ya mutu!"

"Ragowar ɗaya da rabin ce ta tayar da ita. Ka gode wa Allah."

Madam Janet ta ruga ɗaki ta buɗe firiza. Ruwa ya biyo ƙafarta. Ta fito da kaza a hannu, laɓo-laɓo, tana ɗiga.

"Datti! Tun safe akwai wuta, ka sa na kashe firiza! Yanzu zan mayar da shi, kuma in ka ƙara zuwa kusa..."

Babu Oga, babu Malam, balle Injiniya, kuma a gaban baƙi. Datti ya ji mutuncinsa yana zubewa kamar ruwan kajin nan. Ya taka ya karɓe makirufo daga hannun mai gabatarwa, irin marar waya ɗin nan da ke tafiya da lasifika mai caji.

"Jama'a, manyan baƙi, dattawan Yangoji, sannunku da hanya. An zarge ni a gabanku, a gabanku zan wanke kaina. Ɗazu da ƙaramin ma'auni na yi aiki. Yanzu na koma babba. Zan auna uwar wutar gidan nan, kowa ya gani da idonsa."

"Abban Hanif," in ji Nazeefa, "zo ka zauna."

"Mace ba ta shiga tsakanin injiniya da aikinsa."

Ya soka makirufon a aljihun gaba, ya nufi babban soket ɗin baranda inda aka jona kayan kiɗa da fankoki. A ƙasansa an ajiye wani ƙaton baho cike da zoɓon biki. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga wayoyin sama don na baya su gani, ya ce "Bismillahi," ya soka.

Ƙara ta tashi kamar an fasa taya. Wani shuɗin haske ya wulga, soket ya yi baƙi, can a jikin bango akwatin wutar gidan duka ya amsa da tasa ƙarar. Kiɗa ya mutu, fankoki suka tsaya, awaki suka fasa kuka. Datti ya yi tsalle da baya, dunduniyarsa ta bugi bakin baho, ya zauna a cikin zoɓo daram, har ƙirji.

Abu ɗaya ne bai mutu ba a gidan, lasifikar nan mai caji. Da Datti ya duba farar shaddarsa ya ga ta rine ja wur, abin da ya fito daga bakinsa har masu shago a bakin titi sun ji.

"Jini! Wayyo Allah, jini! Na mutu! Nazeefa! Nazeefa, ki kira asibiti! Cikina ya fashe! Inna! Wayyo Inna!"

Aka yi kansa. Nazeefa ta riga kowa, ta kama fuskarsa ta duba, ta duba hannuwansa. Safar roba ta ɗan narke a yatsa, gashin girarsa na dama ya tafi, ban da wannan ko ƙwarzane babu. Ta sauke ajiyar zuciya, sannan ta sake shi ya koma cikin bahon.

Baba Zacharias ya iso da sandarsa, ya tsoma yatsa a cikin jinin, ya lasa, ya ɗan yi tunani. Ya sunkuya daidai aljihun da makirufo yake.

"Jama'a, a kwantar da hankali. Jinin Injiniya akwai citta da abarba. Sukari ne dai ya ɗan yi yawa."

Ko kawun da akuya ta ci wa hula sai da ya riƙe ciki. Amarya ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa. Na'urar kuwa tana gefe tana hayaƙi, wayoyinta sun narke sun manne da juna, tana warin ƙonanniyar roba.

Madam Janet kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta dubi zoɓonta, ta dubi soket, ta dubi gidajen maƙwabta inda fankoki ke ta juyawa abinsu. Wuta ta zauna daram a unguwa, gidansu kaɗai ta bari, kuma ba mai gyara ta sai an shiga sabon mako. Kajin gobe in ba a soya su yanzu ba, sai dai a zubar.

"A fito da shi," ta ce.

Aka tsamo Datti yana ɗiga. Ya fara cewa, "Maman Kindness, a kimiyyance abin da ya faru..."

"Shiru. Kai ne mai son aikin wuta, ko? Zo."

Ta ja shi ta hannun riga har bayan rumfa, inda mata suka jera murhun gawayi suna ɗora kaskon mai. Ta zaunar da shi a kan wata 'yar kujerar tsuguno tsakanin 'yan zumunta, ta danƙa masa murfin bokiti.

"Ga wuta nan. Wannan ba ya buƙatan mita. Fifita. Kaza na ƙarshe bai soyu ba, ba ka tashi."

Haka Injiniya Datti ya yi bikin Kindness, a tsugune, da gira ɗaya, ƙudaje na bin shaddarsa saboda zaƙi, hayaƙi na shiga idonsa. Duk baƙon da ya zo wucewa sai ya tsaya ya ce, "Sannu, ya jiki? Allah ya tsayar da jinin." Yara da manya suka yi ta ɗaukar hoto.

Sai can da kaskon farko ya sauka, Datti ya dubi garwashin, ya dubi matar da ke juya kaji kusa da shi, ya yi gyaran murya.

"Madam, kin san man nan bai kai zafin da ya kamata ba? Da ido ba a ganewa. Akwai wata 'yar na'ura da ake haska wa kasko, ta faɗi zafinsa daga nesa. Ba ta da tsada. In da zan samu..."

Matar ta ɗaga matsamin da ke hannunta, mai na tsiyaya yana ƙara, ta juyo da shi saitin girar da ta rage.

Datti ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da fifita.